Yadda Kukan Idris Ya Isa Rugar Labbo

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Lirwanu. Uwar taro, Hajiya Karima. Wakilan iyayenmu sarakuna da suka taso daga Anka da Bukkuyum, da masu masaukinmu na nan Gummi. Hakimai da dagatai da masu unguwanni. Malamanmu limamai da alarammomi, waɗanda a gabansu muka koyi tsayuwa da zama. Ardo-ardo da dattawan makiyaya. 'Yan takara na kowace jam'iyya, waɗanda yau na ga an jera su a benci ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa. 'Yan jarida na gidajen rediyo da 'yan jaridar waya. Jami'an tsaro da 'yan sa-kai. Iyayena mata da 'yan'uwana mata da kuka baro girki da dabbobi kuka zo. Da ku matasa da kujera ba ta ishe ku ba, kuka tsaya a bakin tagogi: ina gaishe ku baki ɗaya, gaisuwar ƙarami ga manya, da gaisuwar ɗan'uwa ga 'yan'uwansa.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kawo mu lafiya ta waɗannan hanyoyi da kowa ya san halinsu. Ina kuma gode wa kwamitin da ya shirya wannan zama, da ya ga dacewar a ba malamar makaranta dama ta yi magana a inda masana suke zaune.

Sunana Kulsum. An haife ni a Anka, a gidan da allo ya fi kwano yawa, aure da aikin koyarwa kuma suka kai ni Nasarawa Burkullu, inda nake zaune da maigidana Malam Muktar. An ce in yi magana a kan yadda kafafen yaɗa labarai ke juya zaɓe, da yadda suke juya ra'ayin jama'a, da yadda suke sa mutane su so yaƙi ko su ƙi shi. Wannan take ya fi ƙarfina. Abin da nake da shi labari ne guda, wanda na bi sawunsa da ƙafata domin ya hana ni sukuni, da kuma tambayoyin da ya bar mini, waɗanda har yanzu ban gama amsa su ba. Ina roƙon ku ku taya ni dubawa.

Abu na farko shi ne yadda labarin ya zo.

A kakar da ta gabaci zaɓen da ya wuce, lokacin da gero ya shiga rumbu, dawa kuma tana jiran lauje, an kai hari wata tunga a bayan Gwashi. An kashe mutane, an ƙona rumbuna, an tafi da mata. Wannan gaskiya ne, babu mai musu, kuma da yawa daga cikinku sun je gaisuwa. Bayan 'yan kwanaki, a ɗakin malamai, abokiyar aikina Malama Safa ta miƙo mini wayarta ta ce in saurara. Muryar namiji ce, yana kuka irin kukan da namiji ba ya yi sai abin ya kai maƙura. Yana faɗin sunan ƙanensa da aka kashe, yana faɗin sunan matarsa Raihana da aka tafi da ita, sannan ya ce, “Sun taho ta gabas, sunka biyo ta ruggar Labbo.” Nan muryarsa ta yanke. Sai wata murya ta biyu ta shigo, mai kauri, a natse, ta ce a rugar Labbo ake dafa wa ɓarayin daji abinci, kuma wani ɗan takarar majalisa ne ke aika musu da shinkafa, saboda haka duk wanda ya zaɓe shi ya zaɓi wanda ya kashe ƙanen wannan bawan Allah.

Jama'a, ni na san Labbo. Dattijo ne makiyayi kuma manomi, rugarsa tana tsakaninmu da Gwashi tun kafin in zo garin. Matarsa Aisatu ita ke kawo mini nono da man shanu, kuma da na haifi 'yata ta fari ita ta zo ta zauna da ni har na yi ƙwari, domin Innata tana nesa. Amma ina gaya muku, wannan kuka yana shiga jiki. Malama Safa tana hawaye, ni ma ina hawaye, kuma kafin a tashi makaranta babu malamin da bai ji shi ba.

Ranar kasuwa Aisatu ba ta shigo ba. Kasuwar da ta biyo baya ma ba ta shigo ba. Sai ga ta wata safiya ta biyo ta bayan gari, ba ƙwarya a kanta, ta zauna a bakin ƙofar ɗakina ta ce, “Malama, kin jiya abin da anka ce muna? Ɗiyanmu sun bar zuwa rijiya. Wanda munka yi shekaru muna gaisawa, yanzu in ya hange mu sai ya sake hanya. Ni dai ki hwaɗa mani, wane na mai kukan nan? Mi munka yi mai?”

Ban san amsa ba. Kuma rashin sanin ne ya tsaya mini a rai. Ga murya ta shiga kowane gida a garinmu, ta shiga ɗakunan matan aure da ko baƙo namiji ba ya shiga, ta raba maƙwabta, amma babu wanda ya san mai ita. A gidanmu, idan ɗalibi ya kawo wa mahaifina wata magana, kafin ya duba maganar sai ya tambayi wanda ya faɗe ta, da wanda shi kuma ya ji daga gare shi, har a kai tushe. Sai na ce bari in gwada wannan tsohuwar hanya a kan sabon abu, in ga inda za ta kai ni. Na shawarci maigidana, ya ce zai raka ni duk inda ta kama.

Abu na biyu, kuma shi ne mafi tsawo, shi ne abin da na tarar a hanya.

Malama Safa ta ce ƙanenta Abdulbasit ne ya turo mata. Abdulbasit yana da rumfar cajin waya a bakin kasuwarmu, yana da lasifika, kuma duk saƙon da ya ga ya yi zafi yakan saka wa masu jiran caji su ji. Na tambaye shi ko ya yarda da abin da aka faɗa. Ya ce, “Wallahi Malama, da hwarko ban yarda ba. Labbo nan yaka kawo wayatai caji, ban taɓa ganin mugun abu gare shi ba. Sai da nij ji rediyo ta hwaɗi, sannan nic ce ashe da gaske na.”

To, sai na nemi lambar mai gabatar da shirin da aka faɗi maganar a cikinsa, a wani gidan rediyo da ba zan ambaci sunansa ba, domin ba ƙara na kawo ba. Mutum ne mai ladabi, ya saurare ni har na gama. Ya ce, “Malama, ni ban ce gaskiya ne ba. Masu sauraro ne suka yi ta bugo waya suna faɗa, ni kuma na ce rahotanni daga yankin suna cewa kaza.” Na tambaye shi su wane ne suka bugo. Ya ce mutanen wajenmu ne.

Ku duba wannan abin mamaki, jama'a. Mutanen garinmu sun ji a waya, suna shakka. Suka buga wa rediyo suna tambaya. Rediyo ta maimaita abin da suka faɗa, da muryar nan tata mai nauyi wadda muka taso muna girmamawa. Maganar ta dawo musu, sai suka ce ai ga shi rediyo ta tabbatar. Rediyo ta dogara da mu, mu kuma mun dogara da rediyo, alhali a tsakaninmu babu wanda ya taka ƙafa ya je rugar Labbo ya duba tukunyarsa.

Na koma wurin Abdulbasit, muka duba wayarsa tare, muka ga a wani guruf na matasan yankin ya samo saƙon. Muka bi mai turawa zuwa mai turawa, wani ɗan acaɓa, wani mai shago, wani ɗalibi, har muka tsaya a kan wani matashi a Bukkuyum mai suna Kamaluddeen. Irin matasan nan ne da 'yan takara ke saka wa data domin su riƙa yaɗa manufofinsu. Na yi zaton zan tarar da mugu. Sai na tarar da yaro mai kunya, mai karatu, ya shimfiɗa mana tabarma, ya kawo ruwa, ya kira ni Inna. Da na faɗi abin da ya kawo ni, bai yi musu ba. Ya ce shi ya fara saka kukan a guruf, amma muryar nan ta biyu ba tasa ba ce, daga baya ya ji an liƙa ta, kuma har yau ni ma ban gano mai ita ba.

Na ce, “To kai a ina ka samo kukan?”

Ya ce mai kukan sunansa Idris, manomi ne a tungar da aka kai wa hari. Ya yi saƙon ne da wayar aro domin yayansa da ke ci-rani a kudu, yayan ya tura wa dangi domin a taya su addu'a, daga dangi ya fita. Ya ce saƙon asali yana da tsawo ƙwarai. Sannan ya faɗi maganar da na daɗe ina juyawa a raina. Ya ce, “Inna, ni ban ƙara ko harafi ɗaya ba. Ragewa kawai na yi. Mutane ba sa sauraron dogon saƙo, sai na bar wurin da ya fi taɓa zuciya, don duniya ta san halin da muke ciki.”

Na roƙe shi ya saka mini na asalin. Ya nemo, ya saka. Idris ne, kukan nan ne, kalmomin nan ne. Amma inda namu ya yanke, nasa ya ci gaba. Ya ce, “Sun taho ta gabas, sunka biyo ta ruggar Labbo, shi kainai Labbo sunka kore mai shanu, sunka sari ɗanai Faruku ga hannu don ya hana su. Allah Ya saka muna, mu da su.”

Kamaluddeen ya sunkuyar da kai. Ya ce wallahi bai lura da abin da almakashinsa ya yanke ba, hankalinsa yana kan kukan. Ko gaskiya ya faɗa ko a'a, Allah ne masani, ni dai na karɓi saƙon na asali daga hannunsa, kuma bai hana ni ba.

A nan nake son ku tsaya tare da ni ku yi mamaki. Na bi wannan magana daga ɗakin malamai har Bukkuyum, ina neman maƙaryaci, kuma duk wanda na zauna da shi yana ganin shi mai gaskiya ne. Malama Safa tausayi ne ya sa ta tura. Abdulbasit yana ganin gargaɗi yake yi wa jama'a. Mai gabatar da shiri yana ganin ya ba talaka dama ya yi magana. Kamaluddeen yana ganin ya kai kukan ƙauye inda za a ji shi. Kowa da kyakkyawar niyyarsa, kowa da hujjarsa, amma da aka haɗa niyyoyin nan wuri guda, abin da suka haifa shi ne matasa suna wasa adduna.

Domin kafin mu dawo daga Bukkuyum, magana ta canja a garinmu. Mutanen da a da suke cewa a rarrabe tsakanin ɓarawon daji da makiyayin da ke zaune da mu, yanzu sun koma cewa duk ɗaya ne. Tsofaffin da ke tsoron yaƙi domin sun san abin da yake ci, an daina sauraronsu. Wani ɗan takara ya zo gangami, ya ce idan an zaɓe shi za a gama da su gaba ɗaya, bai faɗi su wane ne su ba, kuma ba wanda ya tambaye shi, domin kowa ya riga ya saka fuskar Labbo a cikin kalmar. Aka tsayar da magana cewa ranar kasuwa mai zuwa, bayan azahar, za a tafi rugar.

Maigidana ya kai wa liman da dagaci saƙon na asali. Suka saurara, suka ce wannan ba zai isa ba, domin za a ce mu muka haɗa shi. Sai an ga mai kukan da ido. Malam Muktar ya hau babur ya nemo Idris a gidan wani ɗan'uwansa a Gwashi, inda yake zaman makoki da jiran labarin matarsa. Bawan Allahn nan ba shi da waya. Bai san muryarsa ta zaga ƙananan hukumomi uku ba. Da aka saka masa abin da ake yawo da shi, sai ya tashi ya ɗauki hularsa ya biyo maigidana.

Ranar kasuwar ina rumfar masu nono, wadda babu ko mai nono ɗaya a cikinta a ranar, ina hangen tashar babura. Matasa sun taru, wasu da adda, wasu da gora, wasu da bindigar toka. Cikinsu akwai waɗanda na koya wa karatu, akwai kuma waɗanda su ma an kashe musu iyaye, kuma ba zan tsaya a nan in ce fushinsu na banza ne ba. Liman ya karɓi lasifikar Abdulbasit ya miƙa wa Idris. Siririn mutum ne, muryarsa ta dushe. Ya ce, “Ni na Idris. Ni na mai kukan da kuka saurare. Ban ce Labbo ya cuce ni ba. Tare anka cuce mu.”

Sai wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, “Ƙarya ta! Muryar ba ta yi kama ba!” Wani kuma ya ce, “In kai na, yi kukan mu jiya!”

Ku duba, jama'a. Ga mutum tsaye da jininsa da namansa, ga dagaci ya shaida shi, ga mutanen Gwashi sun shaida shi, amma an fi yarda da muryarsa da ke cikin waya fiye da shi kansa. Idris ya dubi wanda ya yi maganar, ya ce, “Ɗan'uwa, kuka ya ƙare mani. Wanda nike da shi kun ɗauka, kun kai shi inda ban aike shi ba. In kuna son ku taimake ni, ku taimake ni neman Raihana. Ba ta ruggar Labbo.”

Sannan Abdulbasit, da hannunsa, ya saka dogon saƙon a lasifika, tun daga farko har inda Idris ke cewa Allah Ya saka mana, mu da su. Ba zan ce muku kowa ya gamsu ba. Na ji da kunnena wani yana cewa dogon ne na bogi. Amma wani ya mayar da addarsa kube, wani ya tayar da babur ya ɗauki fasinja, taron ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan har la'asar ta yi, ba a tafi ba.

Ba a tafi ba, alhamdu lillahi, amma Labbo ya tashi. Ya ce wanda aka taɓa sa wa rana ba ya sake barci a wurin. Ya kwashe iyalinsa da ragowar dabbobinsa suka yi yamma, suka bar dawarsu a tsaye. Liman ya sa aka girbe ta aka aika musu, kuma Idris yana cikin waɗanda suka yi yankan. Raihana kuwa Allah Ya kuɓutar da ita bayan wani lokaci, tana ɗakinta yanzu.

Da zaɓe ya zo, ɗan takarar da murya ta biyu ta ambata ya sha kaye a rumfunanmu, kaye mai muni. Kada magoya bayansa da ke nan su yi saurin gyaɗa kai, domin su ma a makon ƙarshe sun yaɗa wani hoton gawarwaki suka jingina wa abokin hamayyarsu, hoton da daga baya aka ce ba ma a ƙasar nan aka ɗauke shi ba. A layin mata na tambayi wata dattijuwa maƙwabciyata dalilin da ya sa ta juya wa wanda ta daɗe tana so baya. Ta ce, “Abin da anka ce ya yi.” Na ce, “Inna, ba ki ji an ƙaryata ba? Ba kina kasuwa ranar ba?” Ta ce, “Na jiya, ɗiyata. Amma zuciya ta riga ta ɗauka.”

Abu na uku, tambayoyina ne, kuma ina ba ku su yadda suke, ba tare da amsa ba.

Me ya sa guntun saƙo ya zaga ƙananan hukumomi uku, dogon kuma, wanda shi ne cikakke, da ƙyar ya fita daga kasuwarmu? Na tura shi da kaina ga duk wanda na sani, kuma mafi yawansu ba su tura wa kowa ba. Shin gaskiya ce ba ta da daɗin turawa, ko kuwa mu ne muke jin kunyar mu ce jiya mun yi kuskure?

Shin saƙon ne ya sa mutanenmu son yaƙi, ko kuwa tsoro da gajiya sun riga sun cika zukata, saƙon ya zo ya nuna musu ƙofar da ta fi kusa? Ɓarawon daji yana nesa, yana da makamin da ya fi namu. Labbo yana kusa, sandar kiwo gare shi. Ina tambayar kaina ko wannan kusancin ne ya sa aka yi saurin yarda. Kuma idan mutum ya jefa ƙuri'a da zuciyar da wani ya cika masa da abin da bai faru ba, ƙuri'ar tasa ce, ko ta mai murya ta biyu ce, wanda ba mu san fuskarsa ba?

Kada wani ya fita daga nan ya ce Malama Kulsum ta ce a fasa wayoyi a kashe rediyo. Ina da gwaggo a Abare. Lokacin da gubar dalma ta riƙa ɗaukar yara, ita da maƙwabtanta sun ɓoye nasu a ɗaka, domin an ce musu masu magani baƙi ne da wata manufa. Abin da ya fito da ita shi ne muryar wata uwa irinta da ta ji a rediyo, tana ba da labarin ɗanta da ya warke. Jikokin gwaggona suna raye, suna makaranta. Akwatin da ya fito da su daga ɗaka, irinsa ne ya tayar da Labbo daga rugarsa. Wannan ma abin mamaki ne a wurina, kuma shi ya sa ban yanke ƙauna ba.

Saboda haka ina roƙo. Ina roƙon 'yan jaridarmu na rediyo, ku da muryarku ta fi tamu nauyi: idan mun bugo muku da magana, ku tambaye mu ko mun gani da ido, domin abin da kuka maimaita ya zama hatimi. Ina roƙon 'ya'yana masu aikin waya: ku san cewa yankewa ma magana ce, kuma wanda ya yi kuka yana da haƙƙi a kan kukansa har ƙarshensa. Ina roƙon 'yan takara, ku da kuke zaune lafiya da juna a benci ɗaya yau: idan kun hau mumbari kun ce za a gama da su, ku faɗi su wane ne, domin idan kun bar wurin a buɗe, da sunan maƙwabcinmu za a cike shi. Ina roƙon malamanmu su mayar da wannan darasi na binciken labari cikin huɗuba da makarantun allo da na Islamiyya, da misalin waya, ba da misalin zamanin da kaɗai ba. Ina roƙon ardo-ardo, idan an ambaci sunan wani naku, ku fito da wuri ku yi magana a inda ake ji, kada tsoro ya sa ku yi shiru har shirun ya zama hujja a kanku. Ina kuma roƙon 'yan'uwana mata, mu da saƙo ke iskewa har cikin ɗaki: kafin yatsa ya taɓa wurin turawa, mu tuna akwai wata mace a ƙarshen maganar, ita ma da 'ya'yanta.

Zan rufe da saƙon da aka ba ni in kawo muku. A makon nan Aisatu ta kira ni daga inda suke. Ta ji sanarwar wannan taro a rediyo. Bayan mun gaisa, na tambaye ta iyali ta ce jam tan, wato lafiya lau da Fulatanci, sai ta ce, “Malama, an ce manya dut za su taru Gummi, kuma ke za ki yi magana. Labbo ya tsuhwa, ƙahwa ta ƙi. Kullum maganatai guda ta, shina son ya koma inda anka ruhe uwayenai. Mu da can da ruwan sama muka auna tahiya, in damina ta kusa mu san lokacin komawa ya yi. Yanzu ɗiyanmu sun ce a bari a ga zaɓe mai zuwa tukuna. To ki tambaya mani su: mu komo bana, ko mu jira har a gama?”

Na ce mata ban sani ba, amma zan tambaya. Ga shi na tambaya, a gaban sarakuna da malamai, a gaban masu neman ƙuri'a da masu riƙe da makirufo. Za ta sake kirana idan an tashi daga nan, kuma abin da kuka ba ni shi zan gaya mata.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a gonaki da rugage da hanyoyi, Ya dawo da waɗanda ke hannun miyagu, Ya mayar da kowane mai gudun hijira ɗakinsa. Allah Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga cutar da wanda bai cuce mu ba. Allah Ya ba shugabanninmu adalci, Ya ba 'yan jaridarmu tsoronSa, Ya ba matasanmu haƙuri da abin yi. Allah Ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, na Anka da na Bukkuyum da na nan Gummi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.